Kaset ɗin da Taubashina Ya Kai wa Baba

Autata ta gaji da ni a kan maganar waya. Kullum sai ta ce, "Baba, ba sai ka wahalar da idonka da rubutu ba. Danna nan kawai ka yi magana, ka saki, shi ke nan ya tafi." Ni kuwa ba na dannawa. Wanda yake da magana da ni ya kira in amsa, yana ji ina ji, ko ya tako ya zo gida ya same ni. Amma in zuba muryata a cikin wani abu, in sake ta ta shiga duniya ita kaɗai ba ni a wurin, wannan na daina tun ba a haife ta ba. Tana ɗauka ƙauyanci ne irin na tsofaffin malaman firamare. Ban taɓa gaya mata dalili ba.

Mahaifina manomi ne a Badafi, cikin ƙasar Kiru. Yana da gonar tudu ta dawa da masara, yana kuma da fadama da yake ji da ita, inda ake rake da tumatir da rani. A shekarun alif ɗari tara da tamanin yanar ido ta rufe masa gani, a hankali a hankali, har ya zamana ko hasken ƙofa ba ya bambancewa. Innarmu ta riga ta rasu. Masu kula da shi a gida su ne Yayata, wadda ta dawo bayan rasuwar mijinta, da Goggo, ƙanwarsa tilo, ita ma a gidanmu take zaune. Da ido ya tafi, sai kunne ya karɓi aikin gaba ɗaya. Akwai wani Bafulatani da yakan sauka da shanunsa a gonarmu bayan girbi, ya yi shekaru bai zo ba, ranar da ya dawo sallama kawai ya yi daga waje, Baba ya ambaci sunansa da na ubansa. A wurin Baba murya ita ce mutum, ba shi da wani abin gane mutane da ya wuce ta.

Ni ne ɗansa namiji kaɗai, kuma ni ne ba na gida. An tura ni koyarwa Riruwai, garin kuza, can ƙarshen Kano a bayan dajin Falgore. Zuwa gida sai hutu, shi ma in mota ta samu. Na gwada rubuta masa wasiƙa, ya aiko a ce mini in daina. Ya ce shi ba ya son maganar da sai wani ya karanta masa, domin mai karatu yakan tsallake inda bai gane ba, ya ƙara gishiri inda ya ga dama. A lokacin mutanen da ke zaune a Makka sun fito da dabarar aiko da kaset maimakon takarda, iyali su taru su ji muryar nasu. Da Baba ya ji irin wannan a gidan maƙwabta sai ya ce yauwa, wannan ita ce magana, babu kowa a tsakani. Allah sarki, haka ya ɗauka.

Akwai mutum a tsakani kuwa, kuma ni na sa shi da hannuna. Ɗan Goggo ne, taubashina. Tare muka tashi, akushi ɗaya, tabarma ɗaya, tare aka yi mana kaciya. Shi bai yi nisa a makaranta ba, ya kama sana'ar kaset a kasuwar Tudun Wada. Yana da rikoda babba mai cin kaset biyu, yana kwafar wa'azi da waƙoƙi daga wannan zuwa wancan yana sayarwa. Yakan bi motar 'yan kasuwa ya zo Riruwai da kayansa, yakan kuma je Badafi gaida uwarsa. Wa ya fi shi dacewa? Ya zo, in yi magana a rikodarsa, ya kai wa Baba, ya ɗauko amsa ya kawo mini.

Wanda bai tashi a cikinmu ba sai an yi masa bayanin taubasantaka. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a wasa ni ne ubangida, shi ne bawa. Yana ce mini "maigida" da bakin tsiya, ina ce masa "bawana". Duk abin da ya zo bakinka kana iya jefa wa taubashi, ba a fushi, ba a kai ƙara, manya ma dariya suke yi su ƙara zuga ku. Gwanintar wasan kuwa ita ce ka faɗi magana mafi muni fuskarka a murtuke, muryarka ko rawa ba ta yi, sai ka dire sannan dariya ta ɓarke. A wannan fanni, ba yabon kai ba, na fi shi nesa ba kusa ba, kuma ya sani.

Shi ne ya fara ba ni labarin yadda Baba yake sauraron kaset ɗina, yana faɗa yana riƙe ciki don dariya. Wai bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a zaure, liman da sauran dattawan unguwa su zauna, a ajiye rikoda a gaban Baba kamar baƙo. In na ce "Baba, ina wuni," sai ya ce "Lafiya lau," ni kuma a cikin kaset na riga na wuce zuwa gaisuwa ta gaba, sai ya yi tsaki ya ce yaron nan har yanzu da gaggawa yake. Shi abin dariya ya ɗauke shi. Ni kuwa sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Daga ranar na canza yadda nake magana. In na ce "Baba, ina wuni?" sai in yi shiru, in bar masa fili ya amsa. "Yaya ƙarfin jiki?" In yi shiru. "Yaya su Goggo da Yaya?" In sake yin shiru. Ina zaune a ɗakina a Riruwai ina kallon zaren kaset yana juyawa a banza, ina jin amsarsa a cikin kaina. Yaya ta ce mini ranar da Baba ya fara jin haka, ya yi murna kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Yana cika kowane fili da "Madalla" da "Allah ya yi maka albarka", yana juyawa wajen dattawa yana cewa kun ji, ya koyi natsuwa.

Haka muka yi ta yi har wata shekara, gab da faɗuwar damina, taubashina ya kawo mini kaset da muryar Baba. Bayan gaisuwa ya ce ƙarfinsa ya ƙare, 'yan ƙwadago suna cutarsa a fadama tun da ba ya gani, yana so in nemi a dawo da ni kusa da gida in karɓi gonar, shi kuma ya samu hannun da zai riƙa kamawa zuwa masallaci. Bai taɓa roƙona komai ba sai ranar.

Ban ko yi shawara da kowa ba. Na ce wa taubashina ya sa sabon kaset. Na yi gaisuwata da filayenta kamar kullum, sannan na ce, "Baba, na ji saƙonka, kuma na karɓa. Da an rufe makaranta a ƙarshen shekara zan nemi canji. Ka ƙara haƙuri kaɗan, ina nan tafe." Na gama, na ga ya kai hannu kan rikoda, na ji ƙas. Na ɗauka kashewa ya yi.

Muka jawo kwanon dafaffiyar gyaɗa, rana tsaka, mu biyu a ƙofar ɗakina. Sai ya fara.

"Maigida, ka dai amsa da baki. Wa zai ba ka shayi da burodi a Badafi? Hannun da ya saba da alli, fartanya za ta yi masa kaca-kaca. Kuma ka sani, ranar da ka sauka ka zama ɗan jagora ke nan, kowace salla."

Na haɗe rai, na gyara murya yadda na saba, na ce, "Wa? Ni? Allah ya kiyaye. In yi boko in ƙare a jan makaho? Ai wannan aikin bayi ne, aikin irinku. Kai ka je ka ja shi masallaci, ka cika masa buta. Na bar maka shi, shi da fadamar da awakin duka. Ni na fi ƙarfin Badafi."

Muka tuntsire da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi, na bubbuga masa baya. Har gobe ina nan a kan bakana, ban yi laifi ba. Shi nake zagi, ba Baba ba. Da a zauren gidanmu muka yi wannan, Baba na zaune, shi zai fara dariya ya ce ƙara masa, ɗan banzan bawa. Ya sha jin mun yi wanda ya fi wannan.

Daga nan shiru. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ba taubashina ba amsa. Na tambayi 'yan Tudun Wada masu zuwa da kaya, suka ce yana nan lafiyarsa ƙalau, sai dai yanzu ya fi zama a Badafi. Na ce to, ko jikin Goggo ne. Ko kusa zuciyata ba ta kawo mini komai ba. Na nemi canjin kamar yadda na yi alkawari, da aka ba da hutu na kama hanya da tsarabar zuma da na saya masa.

Na tarar da shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya ce, "Lafiya."

"Yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Mutumin da ko kaset yake yi wa doguwar addu'a! Na shiga cikin gida, Goggo ta amsa gaisuwata tana kallon ƙasa, ta shige ɗaki. Yaya ce ta ja ni bayan rumbu, ta ɗauko ƙaramar rikodar gidan, ta danna.

Na ji kaina ina gaisuwa, ina barin fili. Gaisuwa ta ƙare, sai wani ɗan ƙas, sai ga muryata kuma, a natse, ba rawa: "Wa? Ni? Allah ya kiyaye. In yi boko in ƙare a jan makaho?" Har zuwa "na fi ƙarfin Badafi." Sai shuuu, zare yana tafiya babu komai. Alkawarin da na yi babu shi. Tsokanar da taubashina ya fara yi mini babu ita. Dariyarmu babu ita. Ya zauna da rikodarsa mai cin kaset biyu, ya kwashe abin da yake so ya zuba a sabo, ya bar sauran.

Yaya ta ba ni labarin ranar. Zaure ya cika kamar kullum, har da baƙi. Baba yana ta amsa gaisuwa da fara'a. Da maganar ta fito sai taubashina ya yi wuf kamar zai kashe, yana salati, yana cewa, "Kawu, ka yafe ni, ban san rikodar ba ta mutu ba, da ban kawo ba." Baba ya ce a bari. Da ta ƙare ya ce a tariyo baya. Ya sake ji tun daga farko, wannan karon bai amsa ko gaisuwa ɗaya ba, filayen suka wuce babu kowa a ciki. Sannan ya ce, "Na ji." Kafin a yi shuka ya tara shaidu ya damƙa wa ɗan ƙanwarsa fadamar.

Na koma zaure wurin Baba. Na ce, "Baba, wallahi tallahi ba haka aka yi ba. Wasa muke yi. An yanke maganar ne."

Ya ce, "Muryarka ce ko ba muryarka ba ce?"

"Tawa ce, amma…"

"Bakinka ne ya faɗa, ko wani ya ara?"

"Ni na faɗa, Baba. Wasan taubashi ne, shi ya fara tsokanata, na rama."

Ya ce, "Na san wasanku tun kuna tsirara. Wasa da dariya ake gane shi. Na kasa kunne har ƙarshen zaren, ban ji dariya ba."

Na samu taubashina a fadama, yana tsaye a kan 'yan ƙwadago, har ya yi sabuwar hula. Ban san me na zaci zai yi ba, ko ya gudu, ko ya sunkuyar da kai. Ina! Ya washe baki ya ce, "A'a, maigida, saukar yaushe?" Na ce ya ba ni kaset na asali. Ya ce ai tuni ya goge shi ya ɗora wa'azi a kai, an ma saye. Na ce masa maci amana, azzalumi, na faɗi abin da ba zan rubuta a nan ba. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ni na sa maka magana a baki? Akwai kalma ɗaya a ciki da ba taka ba?" Da ya ga mutane sun fara tsayawa kallo, sai ya ɗaga murya yana dariya, "Jama'a ku gane mini, ubangida yana fushi da bawansa! Haba maigida, yaushe aka fara fushi da taubashi?" Mutane suka yi dariya suka wuce, sun ɗauka irin wadda muka saba ce. Wannan ta fi yankan kaset ɗin ƙona mini rai. Da wasan ya yanke ni, da wasan kuma ya rufe mini baki.

Na je wurin liman, domin yana zauren ranar, kuma Baba yana jin maganarsa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam, mu a karatunmu ba a karɓar labari sai an duba wanda ya ɗauko shi, da wanda ya ba shi, har a kai tushe. In mai ɗaukowa yana da abin da zai samu a ciki, sai a dakata. Kuskurenmu ranar, mun manta kaset ma ɗauko shi ake yi." Na ce Allah ya gafarta malam, to a je a gaya wa Baba haka. Ya je, ina rakuɓe a waje ina ji. Baba ya bar shi ya gama sannan ya ce, "Liman, wannan hukuncin labari ne. Ni ba labari aka kawo mini ba. Da kunnena na ji."

Da na koma Riruwai bayan hutu, na sa wa wani abokin aikina kaset ɗin, mai koyar da kimiyya, mutum mai son kwance rediyo ya ɗaura. Ya tariyo wajen ƙas ɗin ya yi ta saurare, ya ce ga shaida nan ƙarara, an tsayar an sake tayarwa, har ƙarar iskar bayan ta bambanta. Na ce to ka ga ƙarya ke nan. Ya ce a'a, shi a iliminsu ba za a ce zaren ya yi ƙarya ba, abin da ya shige shi shi ya riƙe, bai ƙara ko ɗigo ba, na'ura ba ruwanta da abin da ake nufi. Na kusa kai masa mari, alhali ba shi ya yi mini laifi ba. Liman yana duba wanda ya kawo, shi yana duba abin da aka kawo, Baba kuma ya tsaya a kan cewa muryar ɗansa ita ce ɗansa. Kowa da gaskiyarsa, ni kuma ina tsakiya, ga wani mutum a cikin kaset mai muryata da kalmomina, wanda bai taɓa rayuwa ba, amma shi ubana ya sani.

Na yi ƙoƙarin sa wa Baba wajen ƙas ɗin ya ji da kansa. Ya ce in na sake kawo masa maganar zai bar mini zauren. Daga baya na gane abin da nake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne. Kafin ya gaskata ni sai ya yarda ɗan ƙanwarsa tilo, wadda take tuƙa masa tuwo, ɓarawo ne, kuma an yi wasa da hankalinsa a gaban sa'o'insa saboda ba ya gani. Goggo kuwa ta sani. Na rantse ta sani, domin tun daga lokacin ba ta ƙara haɗa ido da ni ba har ta koma ga Allah. Amma ɗa ɗa ne, ba ta buɗe baki ba.

Canji ya fito, aka dawo da ni wata makaranta kusa da Kiru, ina zuwa a keke ina kwana a gida. Na ce in magana ta kasa, aiki zai yi. Ranar farko da aka kira salla na miƙa masa hannu, ya lalubi sandarsa ya ce, "Bar shi, kada boko ya lalace." Ya bi bango ya tafi, ina biye da shi a baya kamar wanda ya yi sata. A hankali ya bari ina cika masa buta, ina wanke masa kaya, ina yanke masa farce. Daga baya har hannun ya riƙa kamawa, don ƙafa ta yi rauni. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa yi mini baki ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Amma kullum da safe in na durƙusa na ce "Baba, ina kwana?" sai in yi shiru yadda na saba, in bar masa fili, shi kuma ya jefa "Lafiya" guda ɗaya ya ja bakinsa. Shekaru muka yi a haka. Taubashina kuwa yana zuwa da ɗaurin rake daga fadamarmu, ya zauna a zaure, Baba yana sa masa albarka ina ji.

Fadamar ba ta dame ni ba, Allah shi ne shaida. Da taubashina ya roƙe ni ita da bakinsa, mai yiwuwa da na ce mu raba. Abin da nake nema ɗaya ne, Baba ya ce mini "Allah ya yi maka albarka" irin ta da, kafin ɗayanmu ya mutu.

A farkon shekarun casa'in, da damina, ciwo ya kwantar da shi. Hankalinsa ya riƙa zuwa yana tafiya, wani lokaci ya kira Innarmu, wani lokaci ya tambaya ko an kai wa Fulani harawa. Wata ranar Alhamis na taso daga makaranta da azahar, ruwa ya ɗauke ke nan, na shiga ɗakinsa. Yaya tana zaune a gefen gadon tana yi masa fifita. Idonsa a rufe, numfashi sama-sama. Na durƙusa kusa da kansa.

Na ce, "Baba, ina wuni?" Na yi shiru.

Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, "Lafiya lau. Lafiya lau, madalla."

Na dubi Yaya, ta dube ni. Na ce, "Yaya ƙarfin jiki?" Na yi shiru.

"Alhamdu lillahi. Jiki da sauƙi. Allah ya yi maka albarka."

Wayyo Allah. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Yaya su Goggo da Yaya?" alhali ga Yaya nan a gabana, bakina ne kawai ya bi hanyar da ya saba.

"Duk suna lafiya. Suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai a garin mutane."

A garin mutane. Ban tsaya na auna wannan ba, murna ta rufe ni. Na ce yau ce ranar, yau zan gaya masa komai ya ji. Na matsa na buɗe baki na ce, "Baba, dama ina so…"

Ya ɗaga hannu da sauri, hannun da ya kwana biyu bai iya ɗagawa ba, yana laluben inda Yaya take.

"Kashe shi a nan," in ji shi. "Kashe, kada ya kai wajen."

Yaya ta toshe bakinta da gefen zane. A kan 'yar kujera kusa da gadon akwai ƙaramar rikodar nan, ko batir babu a cikinta. Ta dube ni, idonta yana roƙona. Sannan ta miƙa hannu ta danna maɓallin, ya yi ƙas.

Baba ya sauke numfashi ya ce, "Yauwa."

Daga baya ne Yaya ta gaya mini, duk shekarun nan in na hau keke na tafi makaranta, yakan sa ta ɗauko kaset ɗin ta sa masa gaisuwar, ya amsa ta tsaf, ta kashe kafin ƙas ɗin. Ya hana ta faɗa mini.

Ranar dai na zauna a wurin har aka kira la'asar, hannuna a kusa da nasa ban taɓa shi ba. Tari ya taso mini na danne shi. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, ban ƙara cewa komai a kusa da kunnensa ba.